Mai Kwalfe

Ranar Talata Tasi'u ya kawo ruwan
daga kududdufin bayan makaranta, a gwangwanin madara,
kore shar, da gansakuka, har da talibambam guda
wanda Hakima ta tsame da murfin biro ta ajiye.

Madubin ƙara girman namu aro ne daga Haɗeja.
Ba ruwansa da lantarki, rana yake ci,
sai muka jawo tebur bakin taga,
muka karkata ɗan gilashin ƙasa har haske ya hau.

Ɗigo ɗaya. Na runtse ido guda.
Ga shi nan, kamar sawun silifa mai gashi,
yana iyo, yana juyi, ba kai ba ƙafa.
Ɗaki ɗaya ne jikinsa duka:
nan madafi, nan turaka, nan rumbu.

Na ce su zo bi da bi, kar a ture tebur.
Ku dubi gefe. Wata 'yar salka ce
tana cika, tana cika, ta yi tim,
sai ta matse, ta ɓace, ta sake somawa.

Hakima ta ce, Malama, zuciyarsa ce?
Na ce a'a, kwalfe yake yi.
Gishirin cikinsa ya fi na kududdufi,
shi kuwa ruwa mayen gishiri ne,
duk inda ya jiyo shi sai ya bi,
ta tantanin fata, ba sallama, dare da rana.
In ya bar zubarwa, kumbura zai yi ya fashe.

Ban faɗa musu ba, amma babana na gani
tsugune a kwalekwalensa, a fadamar Guri,
kacalla ta rufe hanya, tarwaɗa biyu a ƙafarsa,
ƙoƙo a hannun dama.
Jirgin nan yana yoyo tun kafin a haife ni.
Ya cusa tsumma, ya liƙa kwalta,
ruwa ya ce ina nan.
Ban taɓa jin ya zagi kogin ba.
Cewa yake, abin da ke ɗauke da kai
shi ke neman shigowa,
kai dai kar hannunka ya mutu.

Tasi'u ya zaro ƙullin gishirin da yake cin rogo da shi.
Ya ce, in aka sa fa?
Na yi jim. Na ce jiƙa kaɗan, ɗiga a gefe.

Salkar ta rage sauri.
Ta jira.
Ta daina.
Ruwan da ya sha wuyar kora, yanzu da kansa yake fita,
jikin ya motse, ya yamutse
kamar kauɗar tumatir a kan rufin soro.
Ajin ya yi tsit, har muna jin injin ban-ruwa daga gona.

Na ce, yana da dangi a teku,
da yawansu ba su san wahalar kwalfe ba,
ciki da waje sun yi kunnen doki.
Amma ɗauko ɗaya ka saka a kududdufinmu,
ruwan daɗin nan ne zai fasa shi.
Kowa da ruwan da ya iya.

Hakima ba ta saurare ni ba.
Ta tsoma tsinke a gwangwani tana ɗigawa,
ɗigo, ɗigo, tana cije leɓe.
Can a gefen gilashi wani da bai gama mutuwa ba
ya motsa gashinsa.
Ta ce, Malama, zo ki gani, ya koma bakin aiki!

Aka buga ƙarfen tashi.
Ita ta ɗauki gwangwanin, da talibambam ɗinta,
ta mayar da su inda aka ɗebo.

Da na isa gida na tsaya a zaure.
Ƙoƙon yana nan rataye a ƙusa,
bakinsa ɗaya ya cinye
wajen da yake gogar katako.